Daga Cheetah zuwa LM002: kundin aikin ƙera ƙananan motocin gwajin Lamborghini

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Na tsayar da shawara a kan yadda aikin zai kasance. Ƙaramar mota ce mai rimot, kashi ɗaya cikin goma na girman ta gaske, firam ɗaya amma bodi biyu: na Cheetah ta 1977 da na LMA002 ta 1982. Duka biyun motocin gwaji ne na kamfanin Lamborghini na Italiya, an yi su ne domin daji da sahara, kuma babu wadda ta shiga kasuwa a cikinsu. Su ne dai suka share wa LM002 hanya, wadda aka fara sayarwa a 1986.

Duk inda aka ɗauko labarin motocin nan magana ɗaya ake maimaitawa, cewa inji a baya ne ya kashe Cheetah da ƙanwarta LM001 ta 1981, kuma sai da aka dawo da injin gaba sannan al'amari ya daidaita. Ban musa ba, amma ina so in gani da idona a kan yashi. Saboda haka zan shimfiɗa siririn layin ƙarfe a tsakiyar firam ɗin, tun daga hanci har wutsiya, in ɗora masa curin dalma a matsayin inji da giya. Noti ɗaya zan riƙa kwancewa, in tura curin duk inda na ga dama. Ƙaramin injin lantarkin da zai juya tayoyi, shi da batir, za su zauna a tsakiya can ƙasa, don kada nauyinsu ya dagula lissafi.

Awon yana da ƙa'idarsa. Tsawo ana raba shi gida 10 ne, amma nauyi gida 1,000, tunda tsawo da faɗi da tsayi kowanne ya ragu sau goma. Cheetah ta ɗan haura tan 2, ke nan tawa za ta zama kilo 2 da 'yan kai. LM002 kilo 2,700 ce, ƙaramarta kilo 2.7. Shi kuwa gudu da wajen 3.2 ake rabawa, wato idan ƙaramar tana tafiyar kilomita 10 a awa, kamar babbar ce tana tafiyar wajen 32. Wanda bai kula da wannan ba, ya matsa wa rimot har ƙarshe, motar da ke gudun da babu direban da zai yi a daji yake gwadawa.

Na samo wata tsohuwar motar rimot a gwanjo, bodinta ya farfashe amma tayoyinta huɗu duk suna ja. Kayan cikinta nake so.

Asabar, 18 ga Janairu

Firam ya tashi. A Panteka na sayi bututun birki na mota, siriri ne kuma yana lanƙwasuwa ba tare da ya tsuke ba. Na kai wa wani dattijo mai walda tare da zanen da na yi a bayan kwali. Ya juya bututun a hannu, ya matsa shi da babban yatsa, ya ce, "Malam, wannan in na sa masa wutar lantarki hujewa zai yi nan take. Sai dai gas da tagulla, a bi shi a hankali." Na ce, "Baba, yadda ka ga ya dace." Yini guda muka yi, ina riƙe da fulaya yana ɗiga tagulla a kowace mahaɗa, ɗigon bai fi ƙwayar dawa ba. Da ya gama ya ɗora firam ɗin a kan gilashin tsohuwar taga don ya ga ko akwai kusurwar da ke rawa. Babu.

Na zaɓi bututu ne saboda haka aka gina LMA002 da LM002: ƙashin bututun ƙarfe, aka lulluɓe shi da alminiyam da faiba. Injiniyan da ya jagoranci aikin, Giulio Alfieri, ya san wannan gini tun yana kamfanin Maserati. Shi ne ya tsara motar tseren nan Tipo 61 a ƙarshen shekarun 1950, wadda aka haɗa firam ɗinta da ƙananan bututu wajen 200, har ake mata laƙabi da kejin tsuntsu. Mutumin da ya saba lissafa inda kowane kilo zai zauna a motar tsere shi aka miƙa wa motar sahara. Ina ganin daga nan labarin ya fara sauyawa.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Makon nan bodin Cheetah nake yankawa, da kwali tukuna kafin in koma ga farantin roba. Ba ta da wahalar yanka, kusan duk layukanta miƙaƙƙu ne, buɗaɗɗiyar mota ce mai wurin sojoji huɗu da kayansu.

Ya kamata in rubuta yadda aka yi kamfanin da ke ƙera motar gudun nan Countach ya tsinci kansa a harkar motar soja. Ferruccio Lamborghini, wanda ya fara da taraktocin noma kafin ya kafa kamfanin motoci a 1963, ya riga ya sayar da hannun jarinsa, wani kaso a 1972, ragowar a 1974. Rikicin man fetur na 1973 ya karya kasuwar motoci masu shan mai. Sababbin masu kamfanin suna neman duk aikin da zai kawo kuɗi. Sai ga wani kamfanin Amurka, Mobility Technology International, yana neman abokin haɗin gwiwa don ƙera motar da yake fatan sojojin Amurka za su saya. A San Jose ta jihar Kalifoniya aka haɗa motar, aka kawo ta Italiya aka ƙarasa, aka nuna ta a baje kolin motoci na Geneva a 1977. Ko injin ba na Lamborghini ba ne: na Chrysler ne, mai silinda 8 da lita 5.9, ƙarfin doki wajen 180, da giya uku mai canza kanta, duk a bayan kujeru.

Matsala ta farko ma ba daga yashi ta zo ba. Kamfanin FMC yana da tasa motar gwajin, XR311, wadda ta riga Cheetah da shekaru, ita ma injin Chrysler ne a bayanta. Kamannin sun yi yawa, FMC ya ɗauki matakin shari'a. A daidai lokacin kuma Lamborghini yana riƙe da kwangilar BMW ta ƙera motar M1, aljihu ya bushe, aiki ya tsaya. BMW ya janye a 1978, kuma shekarar ba ta ƙare ba sai da kamfanin ya durƙushe ya koma hannun kotu. Daga baya zanen Cheetah ya faɗa hannun Teledyne Continental, wanda ya shiga gasar samar wa sojojin Amurka sabuwar mota, amma AM General ne ya lashe a 1983 da Humvee, kwangilar motoci wajen 55,000. Injin Humvee na dizal ne, kuma a gaba yake.

Kamfanin Tamiya na Japan ya fitar da XR311 da Cheetah a matsayin motocin rimot a ƙarshen shekarun 1970, kashi ɗaya cikin 12. Hotunansu sun taimaka mini ƙwarai wajen gane kusurwar gilashin gaba da tsayin marfin baya.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Gwajin farko, curin dalma a baya.

Kafin mu fita na ɗora tayoyin gaba a kan sikelin kicin ɗaya, na baya a kan wani. Curin giram 350 ne, gwargwadon yadda na ƙiyasta nauyin injin ƙarfen zubi da giyarsa, na kuma ɗaga shi sama kaɗan yadda irin wannan inji yake zama. Sikeli ya nuna kusan kashi biyu cikin uku na nauyin motar yana kan tayoyin baya.

Mun je wani rafi da ya ƙafe a bayan gari, ni da ɗan yayata, shi ne mai ɗaukar bidiyo da waya. Yashin rafi yana da tsakuwa, ga ƙaramar mota kuwa tsakuwa dutse ce, don haka muka tafi da rariya muka tankaɗe fili mai tsawon taku goma sha, muka kuma tara tudu a ƙarshensa. Hazo ya rufe gari, iska tana ta share mana sawun taya.

A miƙaƙƙiyar hanya, a gudu madaidaici, motar ta ba ni mamaki. Tayoyin baya suna kama yashi da kyau, ba ta ko tangaɗi. Da na tsayar da ita na ba ta wuta gaba ɗaya sai hali ya fito. Hancin ya ɗago, safirin na gaba suka miƙe har iyakarsu, tayoyin gaba suna juyawa suna watsa yashi amma ba su ja komai. Yaron ya tsugunna da wayar dab da ƙasa, ya ce, "Kawu, ai gaban ba ya taka ƙasa sosai, shafa kawai yake yi." Da muka mayar da bidiyon a hankali sai ga shi ƙarara, har haske ana hangowa ta ƙarƙashin tayar hagu. Kamar kurar ruwa ce da aka jibge wa jarkoki a ƙarshe ɗaya.

Kwana ita ce ta fi tayar mini da hankali. In ina kan wuta na murɗa sitiyari, sai ta ƙi ji, ta zarce gaba. In na saki wutar don ta ji, sai nauyi ya faɗo gaba, tayoyin gaba su cafki yashi, wutsiya ta kwaso ta zagayo. Hali biyu masu karo da juna a cikin kwana guda. Ƙaramar mota ce, in ta kife hannu ɗaya zan sa in tayar da ita, amma na tsaya ina tunanin soja huɗu a cikin ta gaske, a kan gangaren tudu, da direban da bai san wanne daga cikin halin biyu zai tarar ba.

A tudu kuwa tana kaiwa rabi baya ya haƙa rami ya zauna. Har cikinta ya taɓa yashi.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Wani bakanike maƙwabcina, wanda ya yi shekaru yana gyaran tsofaffin Volkswagen, ya kalli bidiyon ya girgiza kai. Ya ce, "Malam, ban yarda laifin baya ba ne. Beetle ina injinta yake? Mun shiga da ita yashin da manyan motoci suka kafe."

Gaskiyarsa. A kan firam ɗin Beetle Bruce Meyers ya gina Meyers Manx a Kalifoniya cikin shekarun 1960, motar da aka yi musamman don hawa tudun rairayi. Akwai ma hujjar da ta fi wannan ƙarfi. A gasar tseren motoci ta Paris zuwa Dakar ta 1986, wadda ta ratsa Nijar ta Agadas da Dirkou da Damagaram da Yamai, Porsche 959 ce ta zo ta ɗaya da ta biyu, René Metge a gaba, Jacky Ickx yana bin sa. Injinta a baya yake. Shekarar da Lamborghini ya fito da motarsa mai inji a gaba, a shekarar ce mai inji a baya ta cinye saharar Tenere ta Nijar.

To mene ne bambancin? Injin Beetle iska ke sanyaya shi, ba lagireto ba ruwa, silindarsa huɗu a kwance suke biyu-biyu suna kallon juna, mutum biyu ma sa ɗaga shi. Na Porsche shi ma a kwance yake, ƙasa-ƙasa, an zuba shi da ƙarfe marar nauyi. Na Chrysler kuwa ƙarfen zubi ne, dogo, mai nauyi, kuma ƙarfin da yake bayarwa bai kai nauyin da yake ɗora wa motar ba.

Yau da yamma na raba curin biyu, na bar rabi a baya, na sauke shi har ya kusa taɓa ƙasan firam, ɗaya rabin na baza shi a tsakiya don jimillar nauyi ta tsaya yadda take. Motar ta zama wata daban. Hanci yana ɗagowa kaɗan amma sitiyari yana ji, wutsiya tana zamewa amma tana ba ka lokacin gyarawa, ta kuma haye tudun. Abin da na fahimta ke nan: wurin zaman inji rabin magana ne, ɗaya rabin shi ne nauyinsa da tsayinsa. Masu cewa inji a baya ne ya kashe Cheetah sun taƙaita labarin fiye da kima. Wannan injin, a wannan wurin, shi ne ya kashe ta.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi ya kama, aiki ya koma bayan asham, shi ma gugar bodi da samfefa ne kawai.

Ina gugar ina karanta zamanin 'yan'uwan nan biyu, Jean-Claude da Patrick Mimran, waɗanda suka karɓi ragamar kamfanin daga hannun kotu a 1980, suka saye shi gaba ɗaya a 1984. Dukiyar gidansu a Afirka ta Yamma aka tara ta: kamfanin sukari na Richard-Toll a arewacin Senegal, da manyan injinan niƙan alkama a Dakar da Abijan. Patrick bai kai shekara 30 ba lokacin. Su ne suka farfaɗo da maganar motar daji, aka kai LM001 Geneva a 1981. An rufe mata jiki, an sa mata ƙofofi huɗu, an sauya injin zuwa na AMC, amma shi ma silinda 8 ne, lita 5.9, ƙarfin doki wajen 180, kuma yana nan a baya. Ciwon da ya kama yayarta shi ya kama ta. Guda ɗaya aka yi.

Asabar, 12 ga Afrilu

An sha salla, zafi ya sauka, mun koma rafi da sassafe. Curin ya dawo cikakke, na tura shi gaba, na ƙara dalma a tsakiya har motar ta kai kilo 2.7.

Wannan shi ne matakin da Alfieri ya ɗauka a LMA002, harafin A ɗin ma gaba yake nufi da Italiyanci. Bai tsaya yi wa LM001 kwaskwarima ba. Ya watsar da tsarin baki ɗaya, ya zana sabon firam, ya ɗauko injin gida mai silinda 12 na Countach ya sa a gaba, ya haɗa shi da giya biyar ta hannu. Bayan motar ya samu sarari na kaya da ƙarin mutane. Kamfanin da bai daɗe da fitowa daga hannun kotu ba, a ce masa ya zubar da aikin shekara biyar ya sake sabo, ba ƙaramar shawara ba ce, kuma ina girmama wanda ya kawo ta da waɗanda suka amince.

A yashi, tashi ya zama lafiya lau. Ana ba ta wuta nauyi yana komawa baya, tayoyi huɗu su raba aikin. A kwana hali ɗaya take nunawa: in ka shiga da gudu sai ta buɗe, in ka rage sai ta dawo layi. Direba zai iya koyon wannan.

Sai dai ita ma da nata. A gangare hanci yana nutsewa, tayoyin gaba su tura yashi gabansu har ya taru ya tsayar da ita. Nan na gane dalilin da ya sa maganar taya ta zama babba a LM002. Babu tayar da ke kasuwa a lokacin da za ta ɗauki tan 2.7 a kan rairayi, ta kuma jure gudun kilomita 210 a awa a kan kwalta, sai da Pirelli ya ƙera mata Scorpion na musamman, iri biyu, ɗaya na kowace hanya, ɗaya na yashi zalla. Faɗin tayar milimita 345 ne a kan rim mai inci 17. A awona faɗin santimita 3.5 ke nan, tsayi wajen 8.5. Tayoyin da na gada daga motar gwanjo ba su kai santimita 3 ba.

Ƙananan tayoyi ba iska a cikinsu, soso ne. Na ciro soson na gaba na maye shi da mai laushi, irin na tsohuwar katifa, don su baje kamar an sace wa taya iska. Nutsewar ta ragu sosai, ko da yake ba ta tafi duka ba. Na ba da saƙon masu faɗi.

Asabar, 3 ga Mayu

Tayoyi masu faɗi sun iso, na ɗaura. Bodin LMA002 ya kai matakin fenti. Marfin inji ne ya ci mini lokaci, saboda tudun da ke kansa. A LM002 ta farko kafireto shida na Weber ne a kan injin mai lita 5.2 da ƙarfin doki wajen 450, su da matatar iskarsu, shi ya sa marfin ya kumbura haka. Na sassaƙa tudun da itace, na gasa farantin roba a kan rushi na danna a kai.

Kamfanin ya ce LM002 tana iya hawa gangare mai kashi 120 cikin ɗari, wato kusurwar digiri 50 ke nan. Na haɗa katako mai ƙafa da ake ɗagawa, na manna masa samfefa mai kaushi. Da curi a gaba ta haye digiri 45 ba gardama, a 50 tayoyi suka fara zamewa amma ba ta ɗaga hanci ba. Da curi a baya, a sama, tun kafin 40 ta tashi tsaye ta kifa ta baya. Yaron ne ya cafe ta.

Akwai wasu 'yan gidan biyu da ban taɓo ba. LM003 an gwada mata injin dizal na VM Motori, ƙarfin ya yi mata kaɗan aka ajiye. LM004 kuwa injin jirgin ruwan tsere aka sa mata, silinda 12, sama da lita 7. Ita LM002 ɗin da aka nuna a Brussels a 1986, sojojin da aka yi shekara tara ana nema ba su zo da manyan kwangiloli ba. Attajirai ne suka saya, da kujerun fata da katako da na'urar sanyaya ɗaki. A lokacin ana haɗa bodin a Sifaniya, a kawo Sant'Agata, garin da masana'antar Lamborghini take a Italiya, a ƙarasa. Wajen 300 aka ƙera zuwa farkon shekarun 1990, a tsakani kuma Chrysler, mai injin Cheetah, ya saye kamfanin a 1987. Lamborghini bai sake sayar da irin wannan mota ba sai Urus, wadda aka fara nunawa a ƙarshen 2017.

An yi ruwan farko daren Laraba, rafin ya jiƙe, gwajin busasshen yashi ya ƙare sai kaka. Na cika buhu huɗu da tankaɗaɗɗen yashi na ajiye a zaure, zan haɗa akwatin katako mai tsawon mita uku in riƙa gwajin gangare a ciki. Abin da ya rage: fentin bodi biyu, launin ƙasa ga Cheetah, curi na uku mai nauyi don kwaikwayon LM004, in ga ko faɗin taya zai iya ɗaukar hancin, sai kuma gwajin laka, wanda damina za ta ba ni kyauta. Ranar Asabar mai zuwa zan koma wurin Baba mai walda, ƙafar safirin ta hagu ta tsage tun faɗuwar katako.